Ɗiban Wuta a Takur

Yaƙin dai ba a Jigawa ake yin sa ba. Can wata uwa duniya ne, a bakin wani teku da ita kanta Malama Zulaihatu sai ta yi lalube a taswirar ajinta kafin ta ɗora yatsa a kansa. Waɗansu manya ne da ba su taɓa dafa ko ruwan shayi da hannunsu ba suka ɓata da juna, suka tare hanyar jiragen da ke dakon mai, shi ke nan sai tukwane suka fara sanyi a unguwar Takur da ke Dutse. Gidajen gas na Dutse suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wanda ya buɗe kuwa layinsa sai ya zagaye unguwa. Kananzir ya ɓace. Gawayi ya ga 'yan'uwansa sun yi daraja, shi ma ya fara ɗaga kai. Wutar lantarki kuwa dama baƙuwa ce da ba ta tsayawa a kawo mata ruwa.

Ana cikin wannan aka yi wa Dada aikin ido.

Dada Fatsuma mahaifiyar Mu'az ce, mijin Zulaihatu. Bafulatana ce doguwa siririya, mai ƙarancin magana a gaban 'ya'yanta, mai yawanta a gaban na wasu. A rugarsu da ke bayan Kiyawa take zaune tare da autanta Idirisu da 'yan shanun da mijinta marigayi Modibbo ya bari. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ne ya rage, shi ma yanar ido ta rufe shi har ta koma gane mutane da murya. Da ƙyar aka lallaɓo ta Dutse. Ranar da aka sallame su daga asibiti, likitan bai ko kalli Mu'az ba, Zulaihatu ya fuskanta, don ya san a wuyan wa aikin zai rataya.

“Malama, sati shida. Ba hayaƙi, ba ƙura, ba murza ido. Magani sau huɗu a rana, ki ɗiga mata da hannunki. Kada ta koma ƙauye gaban murhu sai na sake ganin ta. Ido ɗaya gare ta, ba ta da na canji.”

Ba hayaƙi. Wato ba itace, ba gawayi, a ɗan tsakar gidan haya da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma da damina, lokacin da kowane itace a jiƙe yake, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Mu'az ya yi yini biyu a layi, ya dawo da tukunyar gas cike a bayan babur, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko mai naƙuda. Mai awon gas ɗin ya ce masa kada ya wahalar da kansa ya dawo, su ma ba su san ranar da wata mota za ta zo ba. A da, tukunya irin wannan wata ɗaya take yi musu su biyu. Yanzu su uku ne, kuma sati shida ake nema.

Zulaihatu 'yar manoma ce daga Garki, ta san yadda ake lallaɓa rumbu har ya kai kaka. Ta ɗauko alli daga jakarta ta ja layi shida a jikin tukunyar, wani ƙarƙashin wani, kowane layi sati guda. Duk Juma'a za ta zuba ɗan ruwan ɗumi a gefen tukunyar ta shafa da tafin hannu. Inda ƙarfen ya fara sanyi, nan gas ɗin ya tsaya. In sanyin ya dace da layin satin, to an zauna lafiya.

Daga nan girki ya zama wani karatu. Wake sai ya kwana a jiƙe, a jefa masa 'yar kanwa. Shinkafa ma sai ta sha ruwa kafin ta ga wuta. Ba ta ƙyasta ashana sai komai ya hallara, albasa a yanke, kayan miya a markaɗe, ruwa ya riga ya sha rana a baƙin bokiti. Ta samo dutse ta wanke shi fes, da shi take danne murfi. Harshen wuta bai isa ya leƙo gefen tukunya ba, yana leƙowa za ta rage shi. Ganda da ƙafar saniya an yi musu sallama sai bayan yaƙi. Babbar dabararta kuwa ita ce ta bargo: da asuba in abinci ya tafasa sosai sai ta kashe wuta, ta naɗe tukunyar da tsohon bargo ta cusa a kwando, ta tafi makaranta. Kafin azahar abinci ya ƙarasa nuna da kansa.

“'Yar nan,” Dada kan ce, “yau ma abincin zazzaɓi ya kwana da shi? Na ji an lulluɓe shi.”

Zulaihatu sai ta sunkuyar da kai ta yi dariya a ciki. Tana ƙaunar tsohuwar nan, ba ƙauna ta ganin ido ba. Ita ke riƙe mata haɓa ta ɗiga maganin, ita ke goge abin da ya gangaro da auduga. Ranar da aka cire bandeji, Dada ta daɗe tana kallon ta kafin ta ce, “Ashe haka kike. Wancan bai yi zaɓen banza ba.” Wancan shi ne Mu'az. Ɗan fari ne, kuma a fulako uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. In abin ya matsa sai ta ce mai babur.

Shi mai babur ma ba ya nan. A sakatariyar ƙaramar hukumar Kiyawa yake aiki, kuma tun da fetur ya yi wuya sai ya riƙa tafiya Litinin ya dawo Alhamis da yamma. Don haka daga safe zuwa ƙarfe biyu Dada ce kaɗai a gida. Zulaihatu ta koya mata kunna murhun, don ko za ta so ɗumama kunu. Ta nuna mata inda ake murɗawa da inda ake kai ashana, Dada ta kama nan take, har tana mamakin wutar da ba a hura ta.

Juma'ar farko sanyin ƙarfen ya tsaya daidai kan layin farko. Zulaihatu ta yi hamdala. Juma'a ta biyu ta zuba ruwa, ta shafa, hannunta ya wuce layi na biyu bai ji sanyi ba, sai da ya kai na uku. Ta sake zubawa, ta sake shafawa, amsar ba ta canza ba. Ta kaɗa kumfar sabulu ta shafe tiyon da bakin tukunyar ko yoyo yake yi, ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Ta yini tana tuhumar kanta, tana tuna ranar da ta bar miya ta ƙara minti biyar.

Ranar Litinin ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rufin azuzuwa ya yi ta zuba, aka tashi yara tun ƙarfe goma sha ɗaya. Zulaihatu na tura ƙofar gida ta ji ƙamshin wake da hayaniyar mata. A ɗakin girki, kan murhunta, ga wata ƙatuwar tukunya da ba tata ba, a buɗe ba murfi, wuta an sake ta har tana lasar kunnuwan tukunyar. Waken ciki ko jiƙa shi ba a yi ba, daga jin yadda yake ƙara a gindin tukunya. Mashkura, maƙwabciyarsu ta dama, tana tsaye da ludayi. Juwairiyya ta gidan baya tana tsugune da tata tukunyar tana jiran layi. Dada kuwa na zaune a kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofa, tana ba su labarin wata saniya da ta taɓa bin ta har kasuwa.

“A'a, Malama, yau da wuri?” in ji Mashkura, tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

“Sannu da zuwa, 'yar nan,” Dada ta ce, fuskarta a sake. “Itacensu ne ya jiƙe, na ce su zo su ɗebi wuta.”

Zulaihatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi wa matan sannu. Ta miƙa hannu ta rage wutar, ta ɗora murfi ta danne da dutsenta. Iyakar abin da ƙarfin halinta ya iya ke nan.

Da la'asar, tana ɗiga wa Dada magani, ta gwada hannunka mai sanda.

“Dada, ita fa wutar nan ta gas ba kamar ta itace ba ce. Ƙarewa take yi.”

“Komai ma ƙarewa yake yi,” in ji Dada, kanta a ɗage, idonta na kallon rufi. “Ni tun ina yarinya, ko a tsakiyar daji muka sauka, in mace ta hango hayaƙinmu ta zo da tsingaro, ba a tambayar ta 'yar wace ce. Abu biyu ba a hana wa mutum, ruwa da wuta. Shi ruwa ma in an ɗiba yana raguwa. Wuta fa? Mutum goma su ɗiba, taki na nan yadda take.”

Abin da ya fi ci wa Zulaihatu rai shi ne gaskiya Dada ta faɗa. Ita ma a Garki ta sha tsallaka katanga da fasasshen kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta, ba wanda ya taɓa ɗaure mata fuska. Shekara hamsin Dada na ba da wuta ba ta taɓa ganin murhunta ya rame ba. Ta yaya za a fahimtar da ita cewa akwai wutar da ake aunawa a sikeli? Kuma da wane baki? Suruka ce, ko idon Dada ba ta iya kallo sai lokacin magani. Ta yi tunanin ta je ta sami matan, sai ta hango yadda zancen zai zagaye Takur, cewa matar ɗa ta hana abin da uwar miji ta bayar. Su ma ɗin ai sun san abin da suke yi, tunda ba sa zuwa sai sun ji ƙarar ƙofa ta fita. Amma wanda yaransa ke kuka a kan jiƙaƙƙen itace bai cika tuna kunya ba.

Ta jira Alhamis ta gaya wa Mu'az. Ta ja shi ɗakin girki ta nuna masa layukan alli.

“Malam, kai za ka yi mata magana. Mahaifiyarka ce.”

“Ni?” Mu'az ya ja da baya. “Ke ma kin san shekara talatin da biyar Dada ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta yaya zan zauna gabanta in ce ta daina kyauta a gidana? Ai sai ta ɗauka gori nake mata.”

“Idonta ne fa. In gas ɗin nan ya ƙare sai itace.”

“Na ji. Zan san yadda zan yi.”

Yadda ya yi shi ne, ranar Asabar ya je ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, yana kallon katanga, ita tana kallon wata katangar. Suka yi zancen ruwan bana, suka yi zancen wani maraƙi da ke ɗingishi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin. Ranar Litinin ya hau baburinsa ya tafi Kiyawa.

Ranar Laraba Zulaihatu ba ta iya jiran Juma'a ba, ta zuba ruwan ɗumi ta shafa. Sanyin ya kusa layi na biyar. Saura sati biyu da rabi a ga likita, gas ɗin da ya rage kuwa da ƙyar zai yi kwana goma, ko da ba wanda ya sake ɗora tukunya. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Duk waken da ta jiƙa, duk tuwon da ta haƙura da shi, duk asubar da ta tashi naɗe tukunya, ashe dafa wa unguwa abinci take yi. Ta ji haushin matan, ta ji haushin mijinta, ta ji haushin mutanen da ke harbe-harbe a bakin tekun da ba su san da ita ba. Dada ce kaɗai ta kasa jin haushinta.

Da safiyar Alhamis ta gama girki, ta naɗe tukunya a bargo, ta cika wa Dada filas da ruwan zafi, ta ɗiga mata magani. Sannan ta koma ɗakin girki ta turo ƙofa. Ta sa bakin wuƙa ta sassauta zoben da ke riƙe da tiyo, ta cire kan gas ɗin, ɗan ƙarfen nan da in babu shi tukunyar ba ta ba da komai. Ta naɗe shi a hankici ta tura ƙasan jakarta, ƙarƙashin littattafan yara. A lissafinta, Dada za ta murɗa ta ga ba wuta, ta ce abin Nasara ya lalace, matan su kama gabansu. Ba wanda za a yi wa magana, ba wanda zai ji kunya. Yini guda a makaranta, duk lokacin da ta buɗe jakar sai ɗan warin gas ya bugi hancinta.

Ta dawo ta tarar da gidan tsit. A ɗakin girki, gaban murhu, ga ƙonannun tsinkayen ashana an share su an tara wuri guda, ga kwalin a gefe ba ko ɗaya a ciki. Tukunyar bargo na nan yadda ta bar ta, ba a taɓa ba. Filas ɗin kuwa babu shi. Ta leƙa ɗaki, Dada na kwance ta ba ƙofa baya.

“Dada, ba ku ci abinci ba.”

“Na ƙoshi, 'yar nan.”

Ana haka aka yi sallama. Mashkura ce, da filas a hannu. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

“Ga filas ɗinku, Malama, mun gode. 'Yata Fiddausi ce ta kwana tana gudawa, a kemis suka ce in tafasa ruwa in haɗa mata na gishiri da sukari. Itacenmu ya ƙi kamawa, shi ne na shigo. Dada ta ce in kawo tukunyata. Ta yi ta ƙyasta ashana, tana sunkuyawa har fuskarta na neman taɓa murhun. Tana cewa mu bari, yanzu za ta kama, wutar gidan nan ba ta taɓa ba ta kunya ba. Juwairiyya ma na tsaye. Har kwalin ya ƙare. Ni ce na hango tiyon a ƙasa ba kai. Wallahi da na sani da na yi shiru, amma bakina ya riga ni, na ce Dada bari, cire kan aka yi.”

“Me ta ce?”

“Ta ce wa ya cire. Ba wanda ya amsa mata. Sai ta shiga ta ɗauko filas ɗinta ta ba ni.” Mashkura ta miƙo shi. “Da kin gaya mana ai, Malama. Ba sai an kai ga haka ba.”

Zulaihatu ta karɓa. Maganganu sun cika mata baki, na waken da ba a jiƙa ba, na ƙarar ƙofar da ake saurare, amma ta haɗiye su, ta ce Allah ya ba Fiddausi lafiya. Ta mayar da kan gas ɗin mazauninsa. Da yamma Mu'az ya dawo ta gaya masa, ya dafe kai ya ce bari gari ya waye.

Gari ya waye suka tarar da Dada zaune a tsakar gida kan tabarma, ƙunshin kayanta a ɗaure a gefe, ta yafa mayafinta na tafiya.

“'Yar nan, a gaya wa mai babur ya miƙa ni tasha.”

Zulaihatu ta zube a gabanta. Kunyar da ta ɗaure mata baki sati biyu ta sake ta a lokacin da ba ta da sauran amfani.

“Dada, ku yafe mini. Wallahi tallahi don idonku na yi. In gas ɗin nan ya ƙare ba inda za a samu wani, sai itace, likita kuwa ya ce hayaƙi zai kashe idon. Na rasa yadda zan gaya muku ne. Ga shi can na mayar, ku ba duk wanda kuka so, ni zan san yadda zan yi.”

“Na sani,” in ji Dada, muryarta ba faɗa a ciki. “Ba ki yi laifi ba. Gidanki ne, wutarki ce, ke kika san tsawonta.” Ta gyara mayafi. “Shekara huɗu ban ga fuskar mutum ba. Kuka kawo ni aka buɗe mini ido, Allah ya saka muku. Jiya na ga fuskar yarinyar nan tana kallo na da tukunya a hannu. Na gan ta sarai. Ni Fatsuma, matar Modibbo, an zo ɗiban wuta wurina an juya hannu rabbana. Ba zan iya zama a nan ina haɗa ido da su ba.”

Mu'az na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ya juya gefe. Da ƙyar ya ce wa katanga, “Dada, saura sati biyu kawai.”

Dada ta kalli Zulaihatu. “Ki ce masa shanu ba su san sati ba.”

Ba mai iya tare Dada in ta ɗaure ƙunshi. Zulaihatu ta ɗiga mata maganin safe, ta cusa kwalaben a kayanta, ta kira Idirisu a waya ta yi masa bayani har sau uku: magani sau huɗu a rana, a wanke hannu, kada a bar ta kusa da murhu. Idirisu ya ce to, to, in Allah ya yarda. Amma Idirisu tun da safe yake kora shanu, ba ya dawowa sai magariba, kuma ba a haifi surukar da za ta ce wa Dada ta tashi daga gaban murhunta ba. Maganin ya zauna a cikin ƙwarya. Dada ta koma hura jiƙaƙƙen itace, in hawaye ya zo ta goge da bakin zani. Duk sanda aka kira a waya sai ta ce a gaya musu ido lafiya lau.

Juma'a ta shida suka je ɗauko ta. Tun daga nesa Zulaihatu ta ga yadda Dada ke miƙa hannu tana neman bakin bukka, ta san abin da ya faru. Idon ya kumbura, ya yi jawur, tsakiyarsa ta yi fari. A asibiti likitan ya haska 'yar fitilarsa bai daɗe ba ya kashe ta. Wannan karon bai kalli Zulaihatu ba, Mu'az ya ja gefe ya yi wa magana ƙasa-ƙasa. Dada ta ce ciwon ido sai haƙuri, haka Allah ya rubuta, kuma a mayar da ita kafin la'asar don ba ta son kwana a hanya. Ko Takur ba ta yarda an biya da ita ba.

Yaƙin bai ƙare ba, rediyo na ta ba da labarin ana zaman sulhu ana tashi. Tukunyar gas ɗin ma ba ta ƙare ba. Tun da Dada ta tafi baki ya ragu, matan sun daina shigowa, ita ma Zulaihatu daga Litinin zuwa Alhamis gari take jiƙawa ta sha. Ranar Asabar da ta biyo baya ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe da ƙafar saniya, ta saki wutar har tana lasar gefen tukunya, ba murfi ba dutse, tana so abin ya ƙare ta huta da ganin sa. Da ta gama ta jijjiga tukunyar, ta ji gas na motsi a ciki.

Ta zuba abincin a kula ta hau mota zuwa Kiyawa, daga nan ta hau ɗan acaɓa zuwa ruga. Ta sami Dada zaune gaban murhu, da ɗan kara a hannu, hayaƙi ya lulluɓe ta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, Dada ta gane muryar tun kafin ta rufe baki, ta yi mata maraba, ta tambayi gida, ta tambayi mai babur. Suna cikin haka wata mata daga bukkokin gabas ta iso da tsingaro a hannu.

“Dada, na zo ɗiban wuta.”

“Ɗebi, ɗebi,” in ji Dada. Ta laluba da karan har ta sami garwashi, ta turo mata manya guda uku. Matar ta kwashe ta tafi, ko godiya ba ta tsaya yi ba, don ba abin godiya ba ne a nan.

Dada ta juyo da fuskarta inda take jin numfashin Zulaihatu, ta ɗan kauce kaɗan, tana fuskantar kafaɗarta.

“'Yar nan, wutar taki ta kai?”

“Ta kai, Dada.”

“Har sati shidan?”

“Har da saura.”

“To madalla,” in ji Dada, da zuciya ɗaya, ba habaici ko kaɗan. “Dama na ce wancan ya yi dacen mace mai tattali.”

Ta sunkuya ta ci gaba da hura wutarta, hayaƙin na shiga idon yadda ya ga dama.